Jarin Matashi a Kansa da Tsaftar Jadawalin Lissafi



Mai girma shugaban taro, iyayenmu da malamanmu da suka bar harkokinsu suka zo, ƙannena maza da mata, barkanmu da war haka.

An ba ni magana a kan yadda matashi zai zuba jari a kansa. Batu ne mai daɗin faɗa, mai kuma saurin gushewa. A cika wa yara kunne da "ka dage, ka yarda da kanka", a tafa, kafin a kai bakin titi an manta. Ba na son mu rabu haka. Saboda haka zan ɗauki ƙwarewa guda ɗaya mu zauna a kanta, wato jadawalin lissafi na kwamfuta, irin wanda ake yi da Excel ko Google Sheets. A cikinsa ma zan fi daɗewa a ɓangaren da aka fi rainawa, wato yadda ake gyara masa fuska har wanda ba shi ya yi shi ba ya iya karantawa.

Mu fara da kuɗi, tunda da an ce jari hankali can yake tafiya. A farkon watan Yunin 2023 dalar Amurka ɗaya tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati. Kafin Fabrairun 2024 ya ƙare ta haura Naira 1,500. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, ma'ana abin da dubu ɗari ta saya a Disambar 2023 sai an ƙara kusan dubu talatin da biyar kafin a same shi bayan shekara. Wanda ya ajiye kuɗinsa a asusu bai taɓa ko kwabo ba, amma an ci masa. Tela kuwa da bakanike da mai gyaran waya, da kaya suka tashi sai suka ɗaga kuɗin aikinsu, domin abin da suke sayarwa yana hannunsu da kansu. Ba cewa nake kada a yi ajiya ba. Cewa nake ɗan abin da mai shekara ashirin da biyu zai iya tarawa bai kai ya yi masa katanga ba, amma ya isa ya saya masa ilimin da zai ci shekara talatin yana cin moriyarsa. Masana tattalin arziki irin su Theodore Schultz da Gary Becker na Jami'ar Chicago sun yi dogon nazari a kan wannan, har Becker ya fitar da littafi a kai a 1964. Abin da suka nuna ya dace da hankali: koyo ya fi araha a ƙuruciya, saboda lokacinka bai yi tsada ba tukuna, kuma shekarun da za ka mori abin sun fi yawa.

To, babban jarinku lokaci ne, kuma ina so in faɗa muku gaskiya a kansa. A 2022 jami'o'in gwamnati sun yi wata takwas a rufe, daga Fabrairu zuwa Oktoba, saboda yajin aikin ASUU. Ba laifinku ba ne, an zalunce ku. Amma wata takwas ɗin nan ta isa mutum ya koyi abin da zan yi magana a kai ya ƙware, har ya fara karɓar aiki. A 2024 kuma mun ga yadda matasanmu suka duƙufa a kan taɓa fuskar waya dare da rana, ana jiran wasan waya na Hamster Kombat ya fashe ya raba kuɗi, da ranar ta zo a watan Satumba mafi yawa abin da suka samu bai biya kuɗin datar da suka ƙona ba. Ban kawo wannan don in ci fuskar kowa ba. Abin da na gani a ciki shi ne naci. Yaron da zai iya wata uku yana tashi tsakar dare don kada ya rasa maki, ba malalaci ba ne. An dai nuna masa gonar da ba ta tsiro.

Me ya sa jadawali, duk da tarin abubuwan da ake koyo? Domin ba shi da ƙofar da ke rufe. Ba ya buƙatar digiri, ba ya buƙatar babbar kwamfuta. Google Sheets kyauta ne kuma yana buɗewa a waya. LibreOffice kyauta ne, kuma da zarar ka sauke shi ba ya neman intanet. Asalin abin ma ɗalibi ne ya ƙirƙiro shi. Dan Bricklin yana karatun kasuwanci a Harvard ya gaji da ganin ana goge allo ana sake lissafi duk lokacin da lamba ɗaya ta canza, shi ne shi da abokinsa Bob Frankston suka fitar da VisiCalc a 1979. Excel ya biyo baya a 1985. Yau kuwa ku duba kewayenku. Mai shago a Kantin Kwari yana da masu karɓar kaya bashi daga garuruwa daban-daban. Dillalin riɗi da zoɓo a Dawanau yana hulɗa da masu fitar da kaya waje waɗanda ba sa karɓar lissafin baki. Mai POS, mai kemis, makarantar Islamiyya mai ɗalibai ɗari biyar, uwar adashi mai zubi uku a lokaci guda, duk lissafi suke yi, kuma da yawansu a littafi mai bangon kwali ko a ka. Mu kuwa mutane ne da aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, har ta yi maganar marubucin da zai rubuta da adalci. Rubuta lissafi a fili aikin amana ne tun kafin a san kwamfuta.

Yanzu ga inda nake so ku ba ni hankalinku. Matashi yakan koyi fomula biyu ko uku, ya iya tarawa da ɗebewa, sai ya ɗauka ya gama. Ya kai wa maigidansa takarda lambobi cunkushe, ba a san kai ba a san gindi. Alhaji ya juya ta, ya ajiye, ya jawo tsohon littafinsa. Yaron ya tafi yana cewa dattawa ba sa son ci gaba. Alhaji bai yi laifi ba. Ku shiga shagon atamfa mai kyau ku gani: Holan a gefe guda, shadda a nata wuri, leshi a sama, yadda mai saye yana daga bakin ƙofa idonsa zai faɗa kan abin da ya zo nema. Kayan da ke cikin shagon da aka zube su a ƙasa ba su fi waɗannan arha ko tsada ba, amma ba mai tsayawa ya tona. Haka jadawali yake.

Abu na farko shi ne layin sama, inda ake rubuta sunan kowane ginshiƙi. A yi masa rubutu mai kauri, a sa masa launi mara ƙarfi a baya, sannan a kafe shi yadda ko an gangara layi na ɗari huɗu yana nan a sama ana ganinsa. A cikin sunan kuma a faɗi ma'auni. "Yawa" kaɗai bai isa ba: buhu ne, ko tiya, ko kilo? "Farashi" na buhu ɗaya ne ko na duka? Wannan ya fi zama dole ga masu kasuwancin iyaka, tsakanin Jibiya da Maraɗi ko Illela da Birnin Ƙonni. A Nijar da baki ana ƙirga kuɗi da dala, dala ɗaya sefa biyar ce, jaka kuma sefa dubu. Idan ɗan'uwanka na can ya ce ɗari, kai ka rubuta 100 a ginshiƙin sefa, ka zubar da kashi huɗu cikin biyar na kuɗin. Su kuma a rubutu tsarin Faransa suke bi, waƙafi a wurinsu shi ke raba cikakkiyar lamba da ɓurɓushinta, inda mu muke sa ɗigo. Kalma biyu a layin sama sun isa su kashe wannan rigima.

Sai zaman lambobi. Idan ka lura, da kansa Excel yake tura lamba dama, ya tura rubutu hagu. Da dalili. Lambobi idan suka jeru a dama, ɗaya-ɗaya na ƙarƙashin ɗaya-ɗaya, dubu na ƙarƙashin dubu, ido yana gane babba da ƙarami ba tare da an karanta ba. Akwai kuma fa'ida ta biyu da mutane da yawa ba su sani ba. Duk lambar da ka ga ta koma hagu da kanta, kwamfuta ba ta ɗauke ta lamba ba, rubutu ta ɗauke ta, kuma idan aka zo tarawa tsallake ta za a yi ba tare da an faɗa maka ba. Wanda ya tattara komai ya sa a tsakiya don ya yi kyau, ya toshe wa kansa wannan gargaɗi. Yawanci abin da ke jawo haka shi ne mutum ya buga N5,000 ko 5k da hannunsa. Lambar zalla za ka buga, 5000, sannan ka danna Ctrl da 1, ka zaɓi tsarin da zai sa mata alamar ₦ da waƙafin dubbai. Ku gwada karanta 1500000 da 1,500,000 ku ji bambanci. Idan kuma ka ga gurbi ya cika da alamar #####, babu abin da ya lalace, ginshiƙin ne ya yi ƙunci, faɗaɗa shi.

A nan akwai abin da ya kamata ya zauna muku daram: abin da ido ke gani a gurbi daban, abin da ke ajiye a cikinsa daban. Ɗauki gurbi uku, kowanne 10.4, ka ce a ɓoye abin da ke bayan ɗigo. Za a ga 10, 10, 10, jimla kuma 31, domin ainihin jimlar 31.2 ce. Maigida zai tara da ka ya samu 30, ya dube ka. Ba ka ci ko sisi ba, amma zargi ya shiga, kuma fitar da shi ya fi shigarsa wuya. Saboda haka a lissafin kuɗi ka bar lambobi biyu na bayan ɗigo a fili, ko ka sa fomula ta daidaita lambar da gaske.

Wasu lambobin kuma ba na lissafi ba ne sam. Lambar waya, lambar asusun banki mai lamba goma, NIN, BVN, ba wanda zai tara su ko ya raba. Idan ka buga lambar waya da ta fara da 080 a gurbin da ba a shirya ba, sifirin farko zai ɓace. Asusun da ya fara da sifiri biyu zai koma lamba takwas, ranar biyan albashi a rasa inda kuɗin ma'aikaci ya maƙale. Excel kuma lamba goma sha biyar kawai yake riƙewa daidai, duk abin da ya wuce haka sifiri yake mayar da shi, don haka lambar katin wuta mai lamba ashirin idan ta shiga haka ta tafi ke nan. Maganin shi ne tun kafin ka fara bugawa ka mayar da ginshiƙin gaba ɗaya na rubutu. Kwanan wata ma haka. 03/04/2025 a wurinmu uku ga Afrilu ne, a Amurka huɗu ga Maris, kuma kwamfutoci da yawa da ke shigowa kasuwanninmu da saitin Amurka suke zuwa. Ka zaɓi tsarin da ke rubuta sunan wata da haruffa, magana ta ƙare. Kada ku ɗauka ƙananan mutane kaɗai wannan ke kamawa. Masana ƙwayoyin gado sun sha fama da Excel yana mayar da sunaye irin SEPT2 da MARCH1 kwanan wata, har wani bincike na 2016 ya sami irin wannan ɓarna a kusan ɗaya cikin biyar na takardun da ya duba, a 2020 kuma kwamitin da ke raɗa sunayen ya sanar da canza wa ƙwayoyi 27 suna don a huta.

Launi kuwa, a yi hattara da shi. Sabon koyo yakan so ya zuba ja da kore da ruwan ɗorawa ko'ina. Launi magana ce, idan kowa na magana ba a jin kowa. Biyu ko uku sun isa, kowanne da aikinsa. Ma'aikatan banki da masu binciken kuɗi suna da al'ada mai kyau: lambar da aka buga da hannu shuɗiya, wadda fomula ta haifar baƙa, don mai dubawa ya san inda zai taɓa da inda zai bari. Akwai kuma launi mai sharaɗi, wanda kai za ka gindaya ƙa'ida shi kuma ya riƙa fitowa da kansa. Mai kemis ya ce duk maganin da saura kwana sittin wa'adinsa ya cika, layinsa ya canza launi. Mai shago ya ce duk bashin da ya haura wata guda ya fito fili. Wannan kaɗai ya isa ya sa Alhaji ya ajiye littafin kwali. Sai dai kada ma'ana ta rataya a launi kawai. Yawancin shagunan buga takardu baƙi da fari suke bugawa, a nan ja da kore duk toka-toka suke fitowa, ga kuma mutanen da idonsu ba ya rarrabe su tun haihuwa. Ka ƙara ginshiƙi da ke cewa "an biya" ko "saura" da kalmomi.

Mu masu rubutu da Hausa muna da tamu matsalar ta ƙari, wato ɓ da ɗ da ƙ. Ba kowane salon haruffa ke ɗauke da su ba, shi ya sa wani lokaci sukan fito kamar ɗan akwati ko su bambanta da sauran haruffa. Noto Sans da Andika da Charis duk suna da su, kuma kyauta ne. Ku sani kuma a wurin kwamfuta Ɗambatta da Dambatta gari biyu ne. Idan yau ka rubuta da lanƙwasa gobe babu, ranar da ka tace don ganin bashin mutanen garin, rabi za ka gani. Ka tsayar da rubutu ɗaya, ka yi jerin zaɓi a ginshiƙin yadda duk mai shigar da bayani zai zaɓa kawai.

Abu biyu nake roƙonku ku guje musu. Ɗaya haɗe gurabe a tsakiyar bayanai, domin yana hana jerawa da tacewa. Ɗayan ɓoye layi. A watan Satumban 2008, da bankin Lehman Brothers na Amurka ya durƙushe, Barclays na Ingila ya sayi wani ɓangare na harkokinsa. Aka aiko da jadawali mai layi kusan dubu na kwangilolin da cinikin ya shafa, waɗanda ba a so kuma aka ɓoye layukansu maimakon a goge. Wani ƙaramin lauya a kamfanin da ke wa Barclays aiki ya gyara girman layukan ya mayar da takardar PDF don a miƙa wa kotu. Ɓoyayyun suka fito, kwangila 179 da ba a yi niyyar saye ba suka shiga cikin ciniki, sai da lauyoyi suka koma gaban alƙali neman a cire su. Aikin gyaran fuska aka ba shi, na 'yan mintuna. Da an sa ginshiƙi a fili mai cewa "a saya" ko "a bari", da ba a kai nan ba.

Kafin ka miƙa aiki, danna Ctrl da P ka ga yadda zai fito a takarda. Ka tabbata A4 aka zaɓa, ginshiƙi na ƙarshe bai tsallaka shafi na biyu shi kaɗai ba, layin sama yana maimaituwa a kowane shafi, jimla tana da kauri da zane a samanta, sannan a can sama akwai sunan lissafin da ranar da aka yi shi. Idan ta WhatsApp za ka tura wa wanda karantawa kawai zai yi, PDF za ka tura, don haruffanka da tsarinka su isa yadda ka bar su.

Wani zai ce, duk wannan ƙananan abubuwa ne, ina jarin kai a ciki? Yana cikin halin da suke gina wa mutum, halin dubawa. A 2010 manyan masana biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, sun fitar da nazarin da ke cewa idan bashin ƙasa ya haura kashi 90 cikin ɗari na abin da take samarwa a shekara, tattalin arzikinta kan tsaya cik. 'Yan siyasa a Turai da Amurka suka riƙa kafa hujja da shi wajen tsuke bakin aljihu. Wani ɗalibi a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, Thomas Herndon, aka ba shi aikin aji ya maimaita lissafin. Ya yi ya yi bai fito ba. Bai ce ai manya ba sa kuskure ba, ya nemi ainihin jadawalin, suka aiko masa. Da ya bi shi gurbi-gurbi sai ya ga fomular matsakaici ta tsaya kafin ƙarshen jerin, ta bar ƙasashe biyar a waje. Shi da malamansa biyu suka fitar da sakamakon a 2013: idan an gyara wannan da wasu matsalolin na zaɓen bayanai da auna su, ci gaban waɗannan ƙasashe kashi 2.2 ne, ba ƙasa da sifiri ba kamar yadda aka ce. Bai fi waɗancan ilimi ba. Ya dai zauna ya duba.

Game da kwasa-kwasai, ga shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023, nazarin bayanai na cikin abin da yake koyarwa, ga horon sana'a da ake yi wa masu yi wa ƙasa hidima. Ku shiga duk wanda kuka samu. Amma takardar shaida ba ta gyara ginshiƙi, kuma mai ɗaukar aiki na gaske zai ajiye ta ya turo maka kwamfuta ya ce nuna mini. Don haka kada ku koya da lissafin ƙarya. Ke ƙanwata, karɓi littafin adashin Hajiya ki mayar da shi jadawali, kowace mai zubi da layinta, kowane mako da ginshiƙinsa, ranar kwasar kowa a fili. Kai kuma ka roƙi kawunka ya ba ka shafi goma na littafin bashin shago, ka riƙe sirrin abin da ka gani a ciki. Wanda bai da ko ɗaya ya rubuta abin da yake kashewa na wata guda, har kuɗin data da na Keke. Waya ta isa a fara, amma a nemi zama gaban allon bugawa ko da na haya ne, domin hannu sai da shi yake sauri. Idan ka gama, miƙa wa mai lissafin ka yi shiru, kada ka yi bayani ko kalma ɗaya. Duk inda ya tsaya ya ce "wannan fa?", ka sa alama, wurin ne za ka koma ka gyara.

Waɗanda suka zo da laftof ko waya, bayan sallar la'asar zan zauna a bayan zauren nan, ku zo da littafin shago ko na adashi mu buɗe fallen farko tare. Shugaban taro, na dawo maka da abin magana.